Me Za Ka Zama? Hanyoyin Da Waɗansu Gwanayen Ƙasarmu Suka Bi

Akwai wata tambaya da ba a fasa yi wa 'yan ajin ƙarshe kowace shekara. Malamai suna yi, iyaye suna yi, har dattawa idan sun gamu da ɗalibi a bakin ƙofar majami'a ba sa rasa yi: "To, in ka gama, me za ka zama?" Amsar kuwa an san ta tun yaro bai buɗe baki ba. Likita, ko lauya, ko injiniya. In an sami mai ƙarfin hali sai ya ce matuƙin jirgin sama. Da wuya ka ji wanda ya ce malamin makaranta, balle a je ga mai zane ko maginin tukwane.

Ba mu ce burin zama likita laifi ne ba, gama ƙasarmu tana bukatar likitoci ƙwarai. Abin da yake damunmu shi ne abin da kan biyo baya. Guraben karatun likita a jami'o'i kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, yaro bai kai makin da ake so ba, ko kuwa an ba shi wani fanni dabam, sai ka ga ya yanke ƙauna kamar an rufe masa ƙofar duniya. Wani ya zauna gida shekara biyu ko uku yana maimaita jarrabawa ɗaya, alhali akwai abin da hannunsa ya iya wanda ba a taɓa tambayarsa a kai ba. Wata kuma ta karɓi fannin da aka ba ta, amma ta yi shekara huɗu tana jin kunyar faɗar sunansa a gaban mutane. Saboda irin waɗannan ne muka ga ya kamata bana mu duba rayuwar waɗansu mutane da sunansu ya fita a ƙasar nan, mu ga daga ina suka taso, wace hanya suka bi, a ina kuma ta kai su. Za mu tarar ba tasowarsu ɗaya ba, da yawa kuma ba su ƙare a inda suka fara ba.

'YAN WUSASA

Bari mu fara da Wusasa, wata 'yar unguwa da ke bayan birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya daɗe yana koyarwa yana ba da magani a cikin birnin Zariya kafin mishan ɗin ya koma Wusasa wajen shekarar 1929, inda aka gina majami'a da asibiti da makaranta. Wurin bai fi ƙauye ba. Amma idan aka lissafa waɗanda suka zauna a azuzuwan wannan mishan, sai mutum ya riƙe baki.

A makarantar wannan mishan ne Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya fara karatu. Ya wuce King's College ta Legas, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya komo gida a matsayin ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita. Da a nan labarinsa ya tsaya, da ya isa. Amma a ƙarshen shekarun 1940, sa'ad da 'yan bokon Arewa suka ga ya kamata su haɗa kai, Likita Dikko ne ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A 1967 gwamnatin tarayya ta naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki, daga baya ya koma Sufuri. Mutumin da ya koyi duba marasa lafiya, ga shi yana duba takardun ma'adinai da na jiragen ƙasa. Ya rasu a 1977, kuma sunansa ne asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna yake ɗauke da shi.

Ishaya Audu ya biyo bayansa da shekara 15. An haife shi a Anchau a 1927, ya yi makarantar St Bartholomew ta Wusasa, ya yi Yaba da Ibadan, ya ƙarasa karatun likita a Landan, ya kuma ƙware a kan cututtukan yara. Ya taɓa zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma koyar a Jami'ar Legas. A 1966, yana da shekara 39 kacal, aka ɗora masa shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya gaji Baturen nan Norman Alexander, ya zama ɗan ƙasa na farko a kan kujerar. Ku tuna fa wace irin shekara ce 1966. A watan Janairu aka kashe Sardauna, wanda ya kafa jami'ar. Kafin shekara ta ƙare rikici ya ɓarke a garuruwan Arewa, a shekara mai bi kuma yaƙin basasa ya tashi. Jami'ar kanta ba ta wuce shekara 4 da buɗewa ba. Babu darasi a makarantar likita da yake koya wa mutum yadda zai riƙe jaririyar jami'a a cikin irin wannan hali, ko da yake muna iya cewa likitan yara ya san renon abin da bai yi ƙwari ba. Farfesa Audu ya riƙe ta shekara 9, har 1975. A zaɓen 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma saboda yarjejeniyar da jam'iyyarsu ta yi da mai mulki, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe muƙamin har 1983. Ya rasu a 2005.

Ba 'ya'yan Kirista kaɗai suka zauna a kan bencin Wusasa ba. Wata yarinya Musulma, Aloma Mariam Mukhtar, wadda aka haifa a 1944, ita ma ta bi ta makarantar St Bartholomew kafin ta tafi Ingila karatun lauya. A 1967 aka yarda mata ta yi aikin lauya a Nijeriya, mace ta farko daga Arewa da ta kai nan. Labarinta ya bambanta da na likitocin nan biyu, domin ita ba ta sake layi ba. Ta fara daga ƙasa a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, ta yi majistare, ta zama mai shari'a a Babbar Kotun Jihar Kano a 1977. A 1987 ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta kuma yi kusan shekara 18 a can kafin ta shiga Kotun Ƙoli a 2005. A watan Yuli na 2012 aka rantsar da ita Babbar Jojin Nijeriya, mace ta farko a tarihin ƙasar nan, ta riƙe har ta cika shekara 70 a 2014. Ku ƙirga da kanku: daga 1967 zuwa 2012 shekara 45 ke nan. Wanda ya ga hotonta ranar rantsuwa kawai bai ga waɗannan shekarun ba.

Akwai abu ɗaya a aikinta da muke so 'yan matanmu masu burin zama lauyoyi su sani. A watan Disamba na 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan ƙarar da Muhammadu Buhari ya shigar game da zaɓen shugaban ƙasa na 2007, wanda ya kawo Umaru Musa 'Yar'aduwa kan mulki. Alƙalai 7 suka zauna. Huɗu suka tabbatar da zaɓen. Uku suka ce a soke shi, domin ba a buga wa takardun jefa ƙuri'a lambobi a jere ba kamar yadda doka ta ce. Mai Shari'a Aloma tana cikin ukun nan. Shugaban ƙasa yana kan kujerarsa, ita kuwa ba ta kai ƙarshen hawa ba tukuna, amma ta rubuta abin da ta gani a cikin doka, ta sa hannu.

MACEN DA TAKE BAYAN NAIRA 20

Muna jin wani ɗalibi yana cewa a ransa, ai duk waɗannan sun je Ingila, kuma likitoci ne da lauya, to ina bambanci da amsar da muke bayarwa? Gaskiyarka. To, in kana da takardar naira 20 a aljihu, ko da yake yanzu ba ta sayen abin kirki, fito da ita. A gaba hoton Janar Murtala Muhammed ne. Juya bayanta, za ka ga wata mace tana gina tukunya. Sunanta Ladi Kwali, kuma ba ta yi karatun boko ba.

An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, wato waɗanda muke kira Gwarawa. A can ginin tukwane aikin mata ne, kuma a wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Yadda suke yi ba da na'ura ba ne. Mace takan ɗora curin yumɓu, ta rarake cikinsa da hannu, ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa tana shafewa, tana zagaya tukunyar da ƙafa har ginin ya tashi. Wato tukunya tana zaune, maginiya ce take juyawa. Babu ma'auni sai ido da tafin hannu, amma randa takan fito daidai ta kowane gefe. Kafin ta bushe sai a yi mata zane. Ladi ta yi fice wajen zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa a jikin randa. Sa'an nan a tara tukwane a fili, a lulluɓe su da busasshiyar ciyawa da itace, a cinna wuta.

Aikinta ya yi kyau har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara randunanta a gidansa. Abujar da muke nufi ita ce ta dā, garin da yanzu ake kira Suleja, ba babban birnin tarayya ba. A gidan Sarki ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su a 1950, sa'ad da gwamnatin mulkin mallaka ta sa shi ya zagaya ƙasa ya duba sha'anin tukwane. Shi kansa Cardew abin a tsaya a duba ne. A Jami'ar Oxford ya yi karatu, fannin tsofaffin harsunan Turai da falsafa, amma da ya gama sai ya tafi ya zama ɗan koyo a wurin wani maginin tukwane, Bernard Leach. Muna iya tunanin abin da waɗansu iyayenmu za su ce wa ɗan da ya yi haka. Ya kuma gwada aikin tukwane a ƙasar da yanzu ake kira Gana a shekarun 1940, abin bai ɗore ba. A Abuja ne ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, a 1954 kuma Ladi ta shiga, mace ta farko a wurin.

A nan ne muke so mu ɗan dakata. Ladi tana da kusan shekara 30 a lokacin, gwana ce da Sarki ya san da ita. Duk da haka ta yarda ta koma 'yar koyo a tsakiyar maza. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda yanzu tukunya ce take zagayawa, maginiya tana zaune. Ta koyi yin kwanoni da kofuna da butocin shayi. Ta koyi haɗa wani irin shafi da idan ya sha wuta yakan narke ya zama kamar gilashi a jikin tukunya, da kuma gashi a cikin rufaffen tanderu. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi daga Kwali ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu yadda aka koya mata, da kadojinta da hawainiyoyinta, sai dai yanzu ana shafe su a gasa su a tanderu. Wannan haɗin ne ya fitar da sunanta, gama ba a taɓa ganin irinsa ba.

'Yan ajin kimiyya za su so su san abin da ya canja. Tukunyar da aka gasa a fili ba ta shan zafi mai tsanani, don haka jikinta yana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi, wannan bushewar kuwa ita take janye zafi. Dalili ke nan da ya sa ruwan randa yake da sanyi ko a watan Afrilu. Amma a tanderu zafi yana wuce digiri 1,200 a ma'aunin da ruwa yake tafasa a 100. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya zama kamar dutse, shafin kuma ya toshe sauran ƙofofin. Randa ta yi ƙarfi, ta yi ƙyalli, ta yi nauyi, amma ta daina sanyaya ruwa. Saboda haka randunan da Ladi ta gasa a Abuja ba su koma gindin bishiya a tsakar gida ba. Sun zama abin kallo, har akwai su a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Waɗansu suna ganin wannan riba ce, waɗansu suna ganin hasara. Mu dai muna ganin akwai duka biyun a ciki.

An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gina randa a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dokta. Shugaban jami'ar a lokacin shi ne Farfesa Iya Abubakar, wanda ya gaji Ishaya Audu: ɗan Belel a Adamawa, masanin lissafi da ya yi digirinsa na dokta a Kambirij. Ku dubi nisan da ke tsakanin hanyarsa da tata, ga shi jami'a ɗaya ta haɗa su. A 1980 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha. Ta rasu a Minna a 1984. Jami'ar nan ta sake yin irin wannan a 1988, sa'ad da ta ba Mamman Shata nasa digirin saboda waƙa.

Kada wani malalaci ya ɗauki wannan labari ya kai gida ya ce malamai sun ce karatu ba dole ba ne. Ba mu faɗa ba. Ladi ba ta sami damar shiga aji ba, ku kuwa kun samu. Kuma shekarun da ta yi tana koyon yumɓu sun fi waɗanda likita yake yi a jami'a.

YARON DA YAKE ZANE A BAYAN LITTAFI

A kowane aji akwai shi. Malam yana bayani, shi kuwa yana zanen mota ko jirgi a bangon littafinsa, kuma sau da yawa bulala ce ladansa. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a Kaduna a 1966 ya kuma tashi a Sakkwato, mai son zanen motoci ne tun yana yaro. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato ya yi fice a darasin zanen fasaha, darasin da ɗalibai da yawa suke ɗauka na cike gurbi ne. Daga nan ya karanta zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi. Wato foli ya yi, wadda waɗansu suke ganin sai wanda ya rasa jami'a yake zuwa. Ya ɗan taɓa aiki a Ma'aikatar Ayyuka, sa'an nan a 1990 ya tafi birnin Detroit na Amurka, cibiyar ƙera motoci, ya shiga wata kwalejin zane-zane ya karanta zanen mota. Da ya gama a 1994 kamfanin General Motors ya ɗauke shi.

Mai zanen mota ba bakanike ba ne, ba kuma shi yake ƙera inji ba. Aikinsa shi ne siffar motar: tsawonta da tudunta, yadda iska za ta bi ta jikinta, inda fitila za ta zauna, yadda mutum zai shiga ya zauna ya ga hanya. Yakan fara da fensir a takarda, a koma kwamfuta, sa'an nan a gina siffar motar da wani irin yumɓu a sassaƙe ta da hannu kafin a taɓa ƙarfe. Ashe yumɓu bai tsaya a Kwali ba. Zanen Jelani ne kamfanin ya zaɓa don samfurin farko na motar Chevrolet Volt, wadda aka nuna wa duniya a 2007. Mota ce mai tafiya da lantarki daga batir, tana kuma da ɗan ƙaramin injin fetur da yake samar da wuta idan batir ya yi ƙasa. A 2017 gwamnatin tarayya ta kira shi gida ya shugabanci hukumar da ke kula da zane da ƙera motoci ta ƙasa, ya riƙe ta har 2023.

Sai aikin da ba mai ambata idan an yi tambayar nan, wato koyarwa. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne. Ahmadu Bello ma haka, da Aminu Kano, da Shehu Shagari. Abubakar Imam, ɗan Kagara da aka haifa a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ne sa'ad da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa a 1933. Ya aika da Ruwan Bagaja yana da shekara 22. East ya ga gwaninta, ya jawo shi Zariya, daga nan aka sami littattafai uku na Magana Jari Ce. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta, ya yi shekara goma sha a kai. Babu makarantar koyon aikin jarida da ya je, gama babu ita a Arewa a lokacin. Abin da ya kai shi kujerar shi ne ya iya harshensa, harshen nan da waɗansu ɗalibanmu suke ganin ba sai an yi masa karatu ba.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ta shafi mu malamai da iyaye da sauran manya fiye da yadda ta shafi ɗalibai. Idan aka duba labaran nan da kyau, za a ga wani mutum a tsaye a gefe. Da Sarkin Abuja bai tara randunan wata mace 'yar ƙauye a gidansa ba, da Cardew bai gan su ba. Da East ya karanta rubutun matashin malami ya ajiye, da an ba shi kyautarsa an sallame shi. Jelani kuwa da tallafin karatu na Jihar Sakkwato ya tafi Detroit, wato akwai waɗanda suka zauna suka yarda a kashe kuɗin jama'a a kan yaro mai son zanen mota. Ba mu san yawan masu irin baiwar Ladi da suka tsufa a ƙauyukansu ba wanda ya ɗaga randarsu ya duba ba, amma hankali ya ba mu suna da yawa. Saboda haka idan ɗanka ko ɗalibinka ya kawo maka abin da ya zana, ko rediyon da ya kwance ya mayar, ko labarin da ta rubuta a bayan littafin lissafi, ka duba tukuna kafin ka yi faɗa. Faɗan yana iya biyo baya in ya cancanta. Mun kuma san iyaye da yawa sun sayar da hatsi da dabbobi kafin su biya kuɗin makaranta, ba kuwa laifinsu ba ne idan suna son aikin da zai mayar da abin da aka kashe. Roƙonmu kawai shi ne a zauna da yaron a ji ta bakinsa kafin a cike masa takardar JAMB.

Mun bar ɗan Wusasa ɗaya sai yanzu, domin labarinsa na waɗanda suke ganin lokaci ya riga ya wuce musu ne. Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Ngas daga Filato, an haife shi a 1934, ya tashi a Wusasa inda iyayensa suke aikin mishan. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa, ya shiga soja a 1954, ya yi horo a Sandhurst, ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31. Ba za mu shiga maganar mulkinsa a nan ba. Masana tarihi suna da ra'ayoyi dabam-dabam a kan yaƙin basasa, da kuma alkawarin miƙa mulki da ya ɗage a 1974. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya yi bayan an hamɓarar da shi a watan Yuli na 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala. Janar ne, ya mulki ƙasa shekara 9, ya kai shekara 40. Sai ya tafi Jami'ar Warwick a Ingila ya shiga ajin farko na digiri a fannin siyasa, tare da samari da 'yan mata da bai fi ya haife su ba. Jaridu sun buga hotonsa yana karɓar abinci a ɗakin cin abincin ɗalibai, mutane da yawa a gida suka ga abin kunya ne. Shi kuwa ya ci gaba da karatunsa har ya sami digirin dokta a shekarun 1980. Hausawa sun ce gemu ba ya hana neman ilimi.

Bai tsaya nan ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya haɗa hannu da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda shi ma ya yi sojan ruwa ya yi noman gyaɗa kafin siyasa, a yaƙi da ciwon kurkunu. Waɗanda suka tashi a ƙauye kafin wannan lokaci sun san kurkunu. Mutum yana shan ruwan tafki mai ɗauke da ƙananan ƙwari, bayan kamar shekara guda sai tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara fitowa, yawanci ta ƙafa, ta kwantar da manomi makonni a tsakiyar damina. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da take kashe tsutsar. Maganinsa shi ne a tace ruwa da ƙyalle, a haƙa rijiyoyin burtsatse, a zuba magani a tafkuna, a kuma hana mai ciwon shiga ruwan da ake sha. Duk wannan kuwa sai mutanen gari da gwamnoni da sarakuna sun yarda, a nan ne kuma tsohon shugaban ƙasa ya yi amfani, gama idan ya zo gari ana fitowa a saurare shi. Ya bi ƙauyuka yana roƙo yana tuni. A ƙidayar farko da aka yi a ƙarshen shekarun 1980, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. An ga na ƙarshe a 2008, a watan Disamba na 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan.